Sharar kwamfuta da kunne: Abin da wani ɗalibi makaho ya koya mana a Bacirawa

Mu uku muka dawo Bacirawa hutu daga jami'a, daidai lokacin da aka gama yankan gero ana jiran dawa. Kun san yadda ake yi wa ɗan jami'a idan ya dawo gida. Duk wanda wayarsa ta ƙi caji ko rediyonsa ya yi shiru, wurinsa ake kawowa, ko da kuwa Tarihi yake karantawa. Mu ma ba ma musu. Karɓa muke yi, mu jujjuya abin, mu yi gyaran murya kamar mun sani.

Ana cikin haka wata maƙwabciyarmu, wadda dukkanmu muke kira Inna, ta aiko a kira mu. Ɗanta yana aji biyar na sakandare a wata makaranta cikin birnin Kano, kuma ya rasa ganinsa tun yana ƙarami. Yana da kwamfutar tafi-da-gidanka 'yar gwanjo, wadda kawunsa ya saya masa da kuɗin gyaɗa. Da ita yake yin kusan dukkan karatunsa. Akwai wata manhaja a cikinta mai suna NVDA, wadda take karanta masa duk abin da ke kan allo da murya, shi kuma yana ba da umarni ta madannai. Bai taɓa buƙatar linzamin kwamfuta ba.

Kukansa shi ne kwamfutar ta yi nauyi, kuma kullum tana yi masa ƙorafin cewa ma'ajiyarta ta cika. Ga mai gani, kwamfuta mai nauyi ɓacin rai ce kawai. Ga wanda yake aiki da kunne abin ya wuce nan, domin zai danna maɓalli muryar ta yi jinkiri, ya sake dannawa, sai daga baya ta faɗi abin da ya riga ya wuce. Shi da kansa ya kwatanta mana abin da sandar da ba ta gaya maka akwai rami sai bayan ka faɗa.

Ɗaya daga cikinmu yana da filash a aljihu, a ciki akwai wata manhajar share shara da ya kwafo a ɗakin kwanan ɗalibai. Muka saka ta. Kyakkyawa ce, ba ƙarya: ga wani da'ira ja kamar mitar babur, ga ƙaton maɓalli a tsakiya. Yaron yana da abin ji a kunne, ya sa hannu ya fara danna Tab yana zagaya ta. Duk inda ya tsaya, abu ɗaya muryar take faɗa da Turanci: botin, botin, botin.

"Yaya, ba ta gaya min komai," in ji shi. "Me za ta share?"

"Shara ce kawai," muka ce masa. "Kawo nan."

Muka ja kwamfutar gabanmu, muka danna ƙaton maɓallin. Da'irar ta koma kore, wuri ya samu. Na ukunmu ya ga bai yi komai ba, sai ya ce bari ya gyara fuskar kwamfutar, ya goge 'yan hotunan manhajojin da suka yi masa yawa a ido. Inna ta kawo mana fura da dafaffiyar gyaɗa, muka sha godiya muka tafi.

Washegari ba aike ta yi ba. Da kanta ta zo.

Yaron ya kunna kwamfutar da safe, ya danna Ctrl da Alt da N kamar yadda ya saba don tayar da NVDA, ya ji shiru. Abin da ba mu sani ba shi ne, wannan haɗin maɓallan yana jingine ne da ɗan hoton NVDA da ke fuskar kwamfutar, wanda muka goge. Allah Ya sa ya san wata ƙofar: Ctrl da maɓallin Windows da Enter, waɗanda suke tayar da Narrator, mai karanta allon da ke zuwa cikin Windows tun asali. Da wannan ya lallaɓa ya shiga. Da ya isa foldar Downloads, muryar ta gaya masa babu komai a ciki.

A wannan foldar darussansa na zango guda suke. Abokan ajinsa ne suke naɗar muryar malami da waya, su turo masa ta WhatsApp, shi kuma ya sauke a kwamfuta. Gwamnati, Tattalin Arziki, Adabin Hausa, duk a nan suke. Waɗannan su ne littattafan rubutunsa. Ku ɗauka wani ya shigo ɗakinku ya kwashe duk littattafan da kuka rubuta darasi tun farkon zango, ya cinna musu wuta, ya ce ai shara yake yi muku. Abin da muka yi ke nan. Gyaran gangar Auzinawa.

Me ya sa muryar ta ce botin kawai?

Mun daɗe muna zaton manhajar karanta allo kallon allon take yi kamar mutum. Ba haka ba ne. Tambaya take yi. Duk inda ka tsaya, sai ta tambayi manhajar da kake ciki: wannan abin mene ne sunansa, wane iri ne, a wane hali yake? Idan wanda ya ƙirƙiri manhajar ya rubuta amsoshin, sai ka ji suna, ka ji cewa akwatin zaɓi ne, ka ji an sa masa alamar maki ko ba a sa ba. Idan kuwa hoto kawai ya zana ya yi masa ado, bai ba shi suna ba, to mai karanta allo ba ta da abin faɗa. Tana iya sanin maɓalli ne, amma ba ta san ko na buɗewa ne ko na gogewa ba.

Shi ya sa manhajar da ta fi kyau a ido sau da yawa ita ce ta fi zama kurma ga mai aiki da kunne. A manhajar sauraron waƙa, maɓalli marar suna ba wata babbar asara ba ce, ka danna ka ji abin da ya faru. A manhajar da aikinta gogewa ne, ba a gwaji.

Makafi ne da kansu suka gina waɗannan kayan aiki, kuma wannan ya ba mu mamaki. JAWS, wadda ta fito don Windows a 1995, aikin kamfanin Ted Henter ce, Ba'amurke ɗan tseren babur da ya makance a hatsarin mota a 1978. Tana da ƙarfi, amma da dala ake sayen lasisinta. NVDA kuwa wani matashi makaho ɗan Ostireliya, Michael Curran, ya fara ta a 2006, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya shigo suka ci gaba tare. Kyauta ce, kuma shi ya sa ta iso har ɗakin Inna.

Ba duk abin da aka kira shara ne shara ba

Duk wanda ya tashi a gidan noma ya ga ana shiƙa. Mai shiƙa ba ta ɗaga ƙwarya ta zubar sai ta ga inda iska ta nufa, kuma tana duba ƙaiƙayin kafin a kwashe, ko tsaba ta bi. Manhajar share shara ba ta da wannan hankalin. Jeri aka ba ta na wuraren da za ta kwashe, kuma duk abin da ta tarar a wurin, ƙaiƙayi ne a ganinta.

Akwai shara ta gaskiya. Akwai fayilolin wucin gadi da manhajoji suke ajiyewa lokacin aiki su manta da su. Akwai ragowar sabuntawar Windows. Akwai foldar Windows.old, wadda take zama bayan an ɗaga Windows zuwa sabon salo, kuma tana iya cin gigabayit masu yawa, ko da yake Windows da kanta takan goge ta bayan kwana 10. Akwai kuma 'yan ƙananan hotunan da ake nuna wa mai gani don ya gane fayil kafin ya buɗe. Da muka zo kan waɗannan yaron ya yi dariya, ya ce a share su duka, ba su taɓa yi masa amfani ba.

Sai kuma abubuwan da sunansu kawai shara. Recycle Bin, wato kwandon da fayil yake faɗawa idan ka goge shi, mutane da yawa a nan suke samo abin da suka goge bisa kuskure. Downloads kuwa, ga yawancin ɗalibai, ita ce rumbun kanta. Ba manhajojin filash kaɗai ne suka taɓa sa ta a jerin abin sharewa ba. A sabuntawar Windows 10 ta Oktoban 2018, kamfanin Microsoft ya ƙara Downloads cikin jerin Disk Cleanup. Ba a sa mata maki tun farko ba, amma wanda ya saba bin jerin yana sa wa komai maki yana iya haɗawa da ita. Daga baya an cire ta daga wurin, sai dai har yanzu za ku gan ta cikin jerin fayilolin wucin gadi da ke saitin ma'ajiya.

Akwai wata asara kuma da mai gani ba ya ma lura da ita. Manhajojin shara suna son goge 'yan bayanan da shafukan intanet suke ajiyewa a burauza don su riƙa gane ka. Idan aka goge su, kowane shafi zai sake neman kalmar sirri. Kai mai gani ka rubuta cikin minti ɗaya. Shi kuwa sai ya ci karo da gwajin nan na tabbatar da cewa kai mutum ne, inda ake cewa ka zaɓi hotunan da ke da mota ko fitilar hanya. Wasu shafukan suna da na saurare, amma murya ce cikin hayaniya, da Turancin da ba na nan ba. Kwana biyu ya yi kafin ya koma cikin imel ɗinsa, kuma sai da ya nemi idon wani.

Yadda ya yi nasa

Bayan mun mayar masa da ɗan hoton NVDA, mun zauna a tabarma, wannan karon hannayenmu a cinya. Ya cire abin jin kunnen ya bar muryar ta fito fili. Da farko ba mu gane ko kalma ɗaya ba, domin ya saita ta tana gudu kamar mai kiran kaya a kasuwar Dawanau. Ga shi kuma muryar Turanci ce, idan ta zo kan sunan fayil na Hausa sai ta murɗe shi yadda ko uwar sunan ba za ta gane shi ba. Shi kunnensa ya saba. Ya rage mata gudu saboda mu.

Ya danna maɓallin Windows da R, ya rubuta cleanmgr, ya danna Enter. Wannan shi ne Disk Cleanup, wanda yake cikin Windows tun zamanin Windows 98. Ba shi da kyan gani ko kaɗan. Fari ne fes, da jeri da 'yan akwatuna. Amma duk layin da ya sauka a kai da maɓallin kibiya, muryar tana faɗin sunansa da girmansa, da ko yana da maki. Inda yake so a share, sai ya danna dogon maɓallin tazara ya sa maki. Inda ba ya so, ya cire. Da ya zo kan Recycle Bin ya tsaya, ya fita ya buɗe kwandon ya saurari abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dawo.

Kafin ya amince, ya danna Insert da B, NVDA ta karanta masa duk abin da ke cikin tagar daga sama har ƙasa. Sai da ya ji komai sannan ya danna OK. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata yana so a goge fayilolin har abada, kuma wannan ma ya ji shi da kunnensa. Ku riƙe kalmar nan ta har abada. Abin da manhajar shara ta kwashe, yawanci ba ya biyawa ta kwando.

Ya kuma nuna mana Storage Sense, wanda ake samu idan an danna Windows da I aka shiga sashen ma'ajiya. Shi yana yin sharar da kansa lokaci zuwa lokaci. A ciki akwai wurin da ake zaɓar bayan kwana nawa za a kwashe abin da ke kwando, da wurin da ake zaɓar ko a taɓa Downloads. Yaron ya saurari na biyun sau biyu don ya tabbatar yana kan "kada a taɓa".

Mun tambaye shi yadda yake yi idan dole ce ta kai shi ga manhaja kurma. Ya ce a Windows 10 zuwa sama, Insert da R yana sa NVDA ta yi ƙoƙarin gane rubutun da ke cikin hoto ta karanta. Yana taimakawa, amma yana kuskure, kuma shi ba zai dogara da shi ba wajen goge abu.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, ainihin abin da ya cika ma'ajiyar ba shara ba ce. Da ya jera fayilolinsa bisa girma, sai ga waɗansu darussa da ya naɗa da kansa a tsarin WAV, wanda a ingancin faifan CD yake cin kimanin megabayit 10 a minti ɗaya, wato sama da 600 a awa guda. Awa guda ɗin a tsarin MP3 na yau da kullum ba ta kai megabayit 60 ba. Da tun farko mun tambaye shi, da juya fayilolin kawai za mu yi. Nauyin kwamfutar ma, wani ɓangarensa ƙura ce da ta toshe fankar, ba abin mamaki ba ne a garin da ake sussuka a ƙofar gida.

Ba muna cewa duk manhajar shara ta waje mugun abu ba ce. Akwai masu suna da mutane da yawa suke amfani da su. Amma ku san abu biyu. Na farko, Microsoft ya bayyana cewa ba ya goyon bayan manhajojin da suke iƙirarin wanke rajistar Windows, wato kundin da saitin kwamfuta yake ciki, domin kuskure a wurin yana iya lalata tsarin gaba ɗaya. Na biyu, a watan Satumban 2017 an gano cewa masu kutse sun cusa muguwar manhaja cikin CCleaner mai lamba 5.33, ɗaya daga cikin sanannun manhajojin shara a duniya, watanni kaɗan bayan kamfanin Avast ya sayi Piriform mai ita. Kimanin mutum miliyan 2.27 ne suka sauke gurɓataccen kwafin, kuma daga shafin kamfanin na gaskiya. An gyara matsalar. Amma idan hakan ta faru da kwafin da ya fito daga hannun masu shi, ina ga wanda ya bi filash goma kafin ya zo aljihunmu?

Mun san yawancinku waya kuke riƙewa, ba kwamfuta ba. Labarin ɗaya ne. Wayoyin Android suna da TalkBack, na iPhone suna da VoiceOver, kuma tallan manhajojin da suke cewa wayarka ta cika da datti ba ya ƙarewa. WhatsApp yana da wurin duba ma'ajiya a cikin saitinsa, inda za ka ga fayilolin da suka fi girma ka zaɓa da kanka. Idan kuna da ɗan aji ko ɗan uwa da ba ya gani ya ce ku taimaka masa, ku karanta masa jerin da baki, layi bayan layi, ku bar shi ya ce e ko a'a. Kada ku karɓe na'urar daga hannunsa. Mu ma da kyakkyawar niyya muka karɓa.

Abin da ya dawo da abin da bai dawo ba

Idan aka goge fayil, ba nan take yake ɓacewa daga tsohuwar ma'ajiya mai faifai ba. Wurinsa ake yi wa alamar cewa babu kowa, sai sabon abu ya zo ya hau kai. Don haka abu na farko idan an yi irin ɓarnarmu shi ne a daina sauke komai a kwamfutar. Microsoft yana da manhajar ceto kyauta mai suna Windows File Recovery, wadda ta fito a 2020. Da rubutu ake ba ta umarni, babu hoto babu ado, don haka ta fi yi wa yaron sauƙi fiye da mu. A sababbin ma'ajiyoyi na SSD kuwa, damar ceton ƙarama ce ƙwarai.

Mun samo wasu darussan ta wannan hanya, wasunsu a guntule. Sauran sai muka bi abokan ajinsa ta waya ɗaya bayan ɗaya. Mun yi yamma uku a shagon caji na bakin hanya, inda sabis ya fi ƙarfi, muna sayen data da kuɗin motar komawarmu makaranta. Yawancinsu sun turo. Amma darussan Adabi na makonnin farko ba su dawo ba, domin yaron da ya naɗe su ya riga ya share wayarsa shi ma.

Baɗi zai shiga aji shida. Yana da niyyar rubuta JAMB, wadda tun 2017 take da kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola mai shirya wa makafi jarrabawar a wasu cibiyoyi, ciki har da Kano. Ya ce Shari'a yake so ya karanta, kuma yana yawan ambaton dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019.

Kafin hutu ya ƙare muka haɗa kuɗi muka saya masa filash sabo. Shi da kansa ya buɗe folda ga kowane darasi, ya kwashe komai daga Downloads, ya kwafa a filash ɗin, ya ba Inna ta ɗaure a bakin zane ta sa cikin kwalla. Darussan Adabin da suka ɓata kuwa, ɗayanmu ya aro littafin rubutun wata 'yar ajinsu, muka riƙa karɓa-karɓa muna karanta masa da daddare a tsakar gida, yana naɗa a MP3. Ranar da za mu tafi saura shafi goma sha ɗaya. Ƙanwarsa 'yar aji biyu ta ce za ta ƙarasa.